Rabon Gefe

Da igiya aka raba gonar, kuma Baffa ne ya riƙe bakin igiyar, shi ya sa har gobe babu mai iya cewa an yi cuta a awo. Ba a yi ba kuwa. Ko taku ɗaya ba a rage wa Jela ba.

Jela ita ce mace tilo a 'ya'yan marigayin, maza uku da ita. Tun tana ƙarama duk inda Baba ya sa ƙafa a gona tana bayansa, aka riƙa ce mata jelar Baba, har sunan ya bi ta. Mazan kowa ya kama gabansa: Yaya, babbansu, ma'aikaci ne a birni, sauran biyun kuwa sai dai a ji muryarsu a waya. Da mijinta ya rasu ta dawo gida, ita da tsohon suka ci gaba da abin da ya daɗe yana yi, wato noma ba takin zamani ba feshi. Ramin taki, toka, kashin shanu, sai kara da ake shimfiɗawa don kada rana ta ga ƙasa tsirara. An yi musu dariya har masu dariyar suka gaji. Ƙasar ta yi baƙi ƙirin, ka dunƙula ta a hannu ta wargaje da kanta. Ranar da wani kamfani mai sayen amfanin gona marar magani ya fara zagaye da farashi mai tsoka, ranar ce Yaya ya tuna ashe yana da uba manomi. Bayan wata biyar tsohon ya rasu.

To, ranar rabo Jela tana tsaye ƙarƙashin darbejiya tana jiran a yanko mata nata daga kudu ko daga arewa, kamar yadda kowa yake yi. Sai ta ga Baffa, ƙanin mahaifinsu, ya ja igiya ya miƙe ɗoɗar ta gefen gabas, yana bin iyakarsu da maƙwabci, tun daga bakin hanya har ƙarshen gonar.

"Baffa, wannan wane irin awo ne? Zani za ku yanka mini?"

Yaya ya yi murmushi irin na masu zama a ofis. "Zo ki ji, ƙanwata. Kamfanin nan ba sa sayen komai sai an bar tazara tsakaninmu da mai yin feshi. Kin san maƙwabcinmu, bai san komai ba sai tankin feshi. Sun ce taku goma sha biyar, tsawon iyakar duka. Abin mamaki, da muka lissafa sai ya faɗo daidai da rabonki. Kin ga ikon Allah?"

"Tazarar nan, abin da aka noma a cikinta suna saye?"

"Wannan kuma magana ce ta gaba."

"Suna saye ko ba sa saye, Yaya?"

Ya dubi Baffa, Baffa ya dubi igiya. Daga nan ta san amsar.

Ta yi magana, kada a ce ba ta yi ba. Ta ce a raba gefen a tsakaninsu su huɗu, kowa ya ɗauki ɗaci kaɗan zaƙi kaɗan. Yaya ya ce su mazan sun haɗe nasu wuri ɗaya don kada gadon Baba ya wargaje, ita kaɗai ce ta dage sai an ware mata. Baffa ya ce ƙasa ƙasa ce, bai taɓa jin inda aka ce gabas ta fi yamma ba. Da suka koma gida, Inna ta saurare ta har ta gama, sannan ta ce, "Ke da ubanki kuka raini gonar nan. Yanzu ke ce za ki zama sanadin tsagewarta? Ki yi haƙuri. Naka sai naka."

Haka aka tashi. Babu takarda, babu sa hannu, wai ai tsakanin 'yan'uwa ne.

Kada ku zaci don an ba ta gefe sai aka ɗauke mata tsakiya. Ina! Yaya bai san ranar juya taki ba, bai san bambancin takin da ya nuna da wanda zai ƙone shuka ba. Ita ce take tura hannu cikin rami har gwiwar hannu ta ji ɗumin, ta ce a ƙara ruwa ko a ƙara busasshen ganye. Ita take ware iri, ita take cewa bana ridi nan, wake can, baɗi a juya. 'Yan ƙodago in sun zo da safe ita suke nema. Shi kuwa ranar hutun mako yake zuwa da baƙi a mota, ya sa takalmin roba sabo fil, ya ɗebo ƙasa a tafin hannu ya sansana, ya ce, "Haka mahaifinmu ya koya mana." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Sai ta gama da tsakiya, rana ta take, sannan ta shiga nata. Kuma nata yana da dokoki, duk na kamfani. Fartanyar gefe daban. Kwandon gefe daban. Buhunan gefe a ɗaure su da jan zare, a ajiye su a tsohon ɗakin kaji, kada su haɗa inuwa da na tsakiya. Ba za ta yi feshi a ciki ba, don in ta yi ta ɓata musu takardar shaidar kamfani. Ba za ta sayar wa kamfani ba, don maganin maƙwabci yana sauka a kai. Ga ta da wahalar mai noma ba magani, ga ta da farashin mai magani, in ma an samu abin sayarwa ke nan.

Don maƙwabcin nan, wanda kowa yake kira Mai-feshi, ba ya wasa. Ciyawa ta leƙo, tanki. Ƙwaro ya gifta, tanki. Kuma iskar wurin daga wajensa take kaɗowa. Da hantsi za ka hango shi ya goya tankinsa yana tafe yana buga hannun famfo, farin hayaƙi yana tashi yana tsallako iyaka a hankali, ya zauna a kan waken Jela. Kwana uku ganyen ya nannaɗe ya yi ruwan ɗorawa. Layi huɗu na farko ba su taɓa kai wa girbi ba.

Damina ta farko idanu ne kawai, ja da ƙaiƙayi. Ta biyu tari ya shigo. Kafin kaka ta biyu ta fita, in ta ɗauki kwandon taki daga rami zuwa tsakiyar gona sai ta tsaya sau biyu ta dafa gwiwa, ƙirjinta yana fito kamar an toshe bututu.

Wata rana 'yar Yaya ƙarama ta biyo su gona, ta ga kuɓewar gwaggonta ta yi kyau, ta tsinko guda ta kai baki. Yaya ya yi tsalle ɗaya ya buge hannun yarinyar.

"Tofar! Tofar na ce! Ban ce miki kada ki taɓa na gefe ba?"

Jela tana tsugune tana cirar ciyawa. Ta ɗago ta dube shi. "Ni kullum shi nake ci, Yaya."

"Ke ai babba ce. Jikinki ya saba."

Abin ya yi mata ciwo, ciwo ba ɗan kaɗan ba. Ba ta yi kuka a gabansa ba, sai da motar ta tashi.

Ma'aikaciyar asibiti ta ɗora mata abin sauraro a baya, ta ce ta ja numfashi, ta sake ja. Ta tambaye ta sana'arta. Da ta ji, ta ce, "Magani zan ba ki, amma maganin gaskiya shi ne ki bar wurin nan. Huhu ba riga ba ce da za a wanke a shanya."

Da ta kai wa Yaya wannan magana, ya nuna damuwa ƙwarai, har da girgiza kai. Mako na gaba ya zo mata da takunkumin fuska, fakiti guda, ya miƙa mata a gaban Inna don a shaida. Inna ta yi ta sa masa albarka. Jela ta juya abin a hannu ta ce, "A da jaki muke sa wa takunkumi don kada ya ci na mutane. Yau ni aka kawo wa." Ba wanda ya yi dariya.

Ta nemi ta sayar da rabon. Dillali ya zo, ya taka faɗin, ya hangi tsawon, ya cire hula ya sosa kai. "Baiwar Allah, wannan ai sai dai mai tseren gudu ya saya. Ba a gina ɗaki, ba a juya garma, ga guba daga hagu, ga doka daga dama. Ki nemi 'yan'uwanki su saya." Ta nemi 'yan'uwan. Yaya ya ce subhanallahi, shi ya sayi gadon ƙanwarsa, mutane su ce me? Na biye masa ya ce duk abin da Yaya ya ce. Autan bai ɗauki wayar ba.

Ta ce to za ta tafi, tana da ƙawa mai ɗinki a wani gari, ko riƙe mata almakashi ta yi. Har ta ɗaure kaya. Inna ta zauna a bakin ƙofa ta miƙe ƙafafunta masu kumburi.

"Ki tafi mana. Ni dai na san wata uku ramukan takin nan za su mutu, gonar ta koma fako kamar ta kowa. In an tambaye ni ina wahalar mijina ta tafi, sai in ce 'yarsa ta kai ta wurin ɗinki."

Ga abin da suka sani game da Jela, kuma da shi suka ɗaure ta tamau: ba za ta iya kallon ƙasar nan ta mutu ba. Mutumin da yake son abu ba ya buƙatar mari a ƙafa. Ta kwance kayan.

Sai ta zauna ta yi tunani irin na wanda aka kai bango. In ba za a ɗauke ta daga gefen guba ba, to a ɗauke gubar daga gefenta. Wata safiya ta tsallaka iyaka ta sami Mai-feshi yana haɗa magani a bokiti.

"Malam, barka da aiki."

"Barka kadai, 'yar maƙwabci. In faɗa ne kika zo yi, a gonata nake, ban shiga ta kowa ba."

"Ba faɗa ba ne. Ara mini fartanyarka."

Ta sara ƙasarsa. Fartanyar ta yi tsalle, ta bar ɗan farin tabo. Ta ce ya biyo ta taku uku. Ta sara tata, ƙarfen ya nutse har ƙota, ta juyo ƙasa mai laima da tsutsotsi suna motsi a ciki. Mutumin ya tsaya yana kallo. Shi ma ba don jin daɗi yake goyon tanki ba. Kowace shekara gonarsa tana neman taki fiye da na bara, tana ba shi ƙasa da na bara, ga ciwon kai da ba ya barinsa.

"Ubanki ya sha gaya mini," in ji shi. "Na ɗauka taurin kai ne irin na tsofaffi. Amma in na ajiye tankin nan, ciyawa ta cinye ni, me iyalina za su ci?"

"Ba ni kunyar shuka goma kawai, waɗannan na kusa da ni. In ba su fi sauran ba, ka fesa har a fuskata."

Ya yi dariya. "Kai, 'yar nan, kin ɗauko bakin ubanki."

Shekara uku ta yi tana wannan aiki. Uku cur. Takin tsakiya na maza ne, Yaya ya ce kada a fitar da ko kwando ɗaya, don haka ta haƙa nata ramin a ƙarshen gefe. Ta bi mahauta tana roƙon abin da suke zubarwa, ta bi masu gasa burodi tana kwasar toka, ta share turken duk wanda ya yarda a share masa. A ka take ɗaukowa, tana tafe tana tsayawa tana tari. Ta koya wa Mai-feshi jiƙa ganyen darbejiya don ƙwari, ta koya masa shuka wake tsakanin masara, ta hana shi ƙona kara. Shekarar farko kunya goma. Ta biyu rabin gona. Ta uku ya rataye tankin a bayan ɗaki, kaji suka riƙa hawa kai. Sunan dai bai bar shi ba, har yau Mai-feshi ake ce masa, shi kuma yana amsawa.

Yaya kuwa in ya zo ya hango ta a gonar mutane da kwando, sai ya ce wa Inna, "Kin ga 'yarki? Ƙarfin da za ta sa a gadon ubanta, ga shi can tana rabawa a waje."

Malamar kamfani, wadda take zuwa duba gona duk shekara da ƙaramin akwati da takardu, ta zo bayan girbi na uku. Ta ɗebi ƙasa nan da can, ta tsallaka ta yi wa Mai-feshi tambayoyi, ta leƙa bayan ɗakinsa. Bayan mako shida ta dawo tana fara'a.

"Gabas ta tsarkaka," ta ce. "Maƙwabcinku ma mun sa shi a layi. Daga baɗi ba a buƙatar tazara a nan. Duk abin da aka noma a gefen nan za mu saya. Gaskiya ma, ƙasar gefen ta fi ta tsakiya ƙarfi. Wa yake kula da ita?"

"Mu ne," in ji Yaya.

Jela ba ta ma ji haushin wannan ba, don murna ta cika ta. Ranar ta taka rabonta daga bakin hanya har ƙarshe ba ta tsaya ko sau ɗaya ba. Tarin ya lafa tun bara. Tana tafe tana rabawa a zuci: nan ridi, nan barkono, can ƙarshe wake. Za ta kai nata da hannunta, a kira ta da sunanta. Ta fara ƙiyasta ɗaki ɗaya da 'yar rumfa, inda ba wanda zai miƙe ƙafa a ƙofa ya tare ta. Ta shiga gida tana 'yar waƙa, har Inna ta ce, "Lafiya? Ko an yi miki albishir da miji ne?"

Abin da ba ta ji ba shi ne sauran maganar malamar, don a bakin mota aka ƙarasa ta. Filin da yake yamma da gonar, wanda ya daɗe a saure ba a nomawa sai awaki, an sayar. Waɗanda suka saya sun kawo tarakta, sun kewaye da waya. Don haka daga baɗi tazara ta koma yamma.

Ranar hutun mako aka kira ta ɗakin Inna. Ta tarar da Baffa a kan tabarma, Yaya a kan kujera, wayarsa a buɗe a kan gwiwa, sauran biyun suna saurare daga inda suke. Tun daga yadda aka amsa sallamarta da taushi ta san ruwa ba ya tsami banza.

Yaya ya yi gyaran murya. Ya yabe ta tukuna, yabo mai tsawo. Sannan ya ce an sami 'yar matsala, kuma sun duba sun ga mafita ɗaya ce: musanya. Ta bar gabas, ta karɓi yamma. Faɗi ɗaya, tsawo ɗaya, ba za ta yi asarar ko taku ba.

Ta ɗauka ba ta ji daidai ba. "In bar me?"

"Ki fahimta. Takardar kamfani ta gona ɗaya ce, da suna ɗaya. Ba za su buɗe wa zirin ƙasa takarda ba. In gabas ta shigo cikin ta gida, kowa ya amfana."

"Kowa wa? Shekara uku ina ɗaukar kashin shanu a ka, wa ya kama mini? Lokacin da take guba tawa ce. Yau ta warke ta zama ta gida?"

"Kin ji ko? Kullum ke tawa, tawa. Mu muna maganar gadon Baba."

Daga cikin waya na biye masa ya ce, "Yaya Jela, gaskiya ke kika san aikin gefe. Mu ko an ba mu ba za mu iya ba. Yadda kika gyara gabas haka za ki gyara yamma."

Ta juya wajen Baffa. "Kai ka ja igiyar. Ka faɗi tsakaninka da Allah, gabas ta wa ce?"

Baffa ya daɗe yana gyara zaman hularsa. "Ni abin da na auna, na auna miki rabo ne a gefe. Ban tuna an ce lallai sai gefen gabas ba. Kuma tsufa ya zo, ba komai nake riƙewa ba."

"Mai-feshi yana wurin ranar. A kira shi."

"Bare a maganar gida?" in ji Yaya. "Abin har ya kai nan?"

Ta ce ba ta yarda ba. Ta faɗa sau uku, da ƙarfi, har tarin da ya kwanta ya motsa. Ta ce za ta kai ƙara duk inda ake kaiwa. Sai Inna ta ɗago kai.

"Ki kai ɗana gaban hukuma ina raye? To ki ji. In na isa da ke, in nonon da kika sha yana da hakki, ki karɓi abin da 'yan'uwanki suka ba ki. In kuwa ban isa ba, ki je ki yi, amma kada ki zo kan gawata."

Wace 'ya ce za ta tsallake wannan? Sun san babu, shi ya sa suka ajiye tsohuwar sai ƙarshe. Kuma ba don Inna ba ta son 'yarta ba ne. Tana sonta. Sai dai ta fi jin tsoron ɓacin ran ɗan da yake kawo mata magani a mota fiye da tarin 'yar da take kwana a ɗakinta.

Jela ta tari malamar kamfani a zuwanta na gaba, ta gaya mata komai a tsaye a bakin rami. Matar ta saurara, idonta har ya kawo ruwa. Ta ce, "Wallahi na tausaya miki. Amma ni ƙasa aka aiko ni in duba, ba mutane ba. Babu gurbin wannan a takardata."

Mai-feshi da ya ji, ya zo har iyaka ya tsaya yana tafa hannu. "An yi gudun gara an faɗa wa zago. Da na san haka za a yi miki, da ban ajiye tankin ba." Yanzu da Yaya yake iyaka, kuma Yaya yana gaishe shi da hannu biyu.

Da ruwan farko ya sauka ta shuka yamma. Me za ta yi? Ƙasar ba ta yi mata laifi ba, kuma ita ma da hannunta ta raine ta. Ta ce a ranta, wanda ya iya shawo kan mutum ɗaya zai iya shawo kan na biyu. Ta jira ranar da za ta ga maƙwabcin.

Ranar ta zo da hantsi, waken yana ganye huɗu. Tarakta ta shigo filin tana jan wani dogon ƙarfe mai bakuna ashirin, kowane baki yana fesawa. Ta je jikin waya ta ɗaga hannu har direban ya tsaya. Mutum ne mai kirki da gani, ya rufe fuska da ƙyalle, ya leƙo.

"Sannu, Mama. Lafiya?"

"Mai gonar nake nema. Magana nake so mu yi."

"Mai gonar?" Ya yi dariya. "Ni ma ban taɓa ganinsa ba. An ce ma ba mutum ɗaya ba ne, wasu ne suka haɗa kuɗi. Ni a waya ake turo mini: fili kaza, lita kaza. Gobe wani direban za ki gani."

"To wa zan nuna wa ƙasa?"

"Wace ƙasa? Mama, don Allah ki matsa, yau iska wajenki take. Wannan ba irin na tanki ba ne, yana da ƙarfi. Ki ba shi kamar awa biyu."

Ya tayar da injin. Kafin ta juya, farin hayaƙin ya tsallako waya, ya sauka a kan mayafinta, a kan hannayenta, sanyi-sanyi kamar yayyafi. Ƙirjinta ya kulle nan take. Ta rufe baki da gefen zani ta nufi tsakiyar gona da sauri, inda iskar take da tsabta, inda ridin da ta shuka musu ya fito layi-layi.

"Tsaya nan!"

Yaya ne. Yana can tsakiya da baƙi huɗu da malamar kamfani, ya ɗaga hannu kamar mai tsayar da mota. Ya taho da sassarfa, amma bai ƙaraso ba, ya ja birki daga nesa.

"Kada ki shigo da kayan nan, jiƙe suke da magani! Kina so ki shafa wa ridin? Ga masu dubawa a tsaye!"

"Yaya… numfashi…"

"Na sani, na sani, yi haƙuri. Ki bi ta gefenki ki fita bakin hanya, ki je gida ki canza. Ta gefenki, kin ji? Kada ki taka nan."

Bakin hanya yana can ƙarshen gonar, kuma taraktar ma can ta nufa, kafaɗa da kafaɗa da ita. Jela ta dubi gaba, ta dubi baya. Ta tsuguna a inda take, tsakanin layin wake, ta kifa fuska a gwiwa tana jan iska da ƙyar. Tana jin Yaya ya koma wurin baƙinsa yana cewa, "Ƙanwata ce. Ba ta iya rabuwa da gonar nan, duk yadda muka yi da ita ta huta ta ƙi."

Irin wannan cuta ba ta da ƙara, shi ya sa take daɗewa a gidaje. Ba a doki kowa ba, ba a kori kowa ba, ba a hana kowa gado ba. Kowa a gidan yana da hujjarsa, kuma kowa yana barci lafiya. An dai duba cikin 'ya'yan mutum an ga wadda ta fi son abin da ya bari, aka tsayar da ita a inda iska take kawo guba, aka ce mata wannan ne rabonki.

Ridin shekarar ya yi kyau ƙwarai. Kamfani ya zuba shi a fararen buhuna, aka buga rubutu a jiki da koren fenti: an noma shi a gonar gado, ko ɗigon magani bai taɓa shi ba.

Kuma gaskiya suka rubuta, bai taɓa shi ba. Akwai wadda ta shaƙe shi tun kafin ya iso.